Ƙafar Ummaru da Likitoci Biyu

Tun ranar da motar Jega ta sauke mu bakina bai huta ba. Matan ajinmu na yaƙi da jahilci sun tambaya, masu zuwa awon ciki sun tambaya, har wadda ta shekara uku ba ta gaishe ni saboda rikicin akuya ta zo ta baje a tabarmata tana cewa, "Tumba, wai da gaske kin shiga inda aka fiɗar mutane?" Na gaji da maimaici. Ga shi na rubuta, mai iya karatu ta karanta wa wadda ta ƙi zuwa aji. Sunan garin da na asibitin ba zan faɗa ba. Mutanen suna raye, kuma ba ƙara na kawo ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗiyar mahauta ce daga Jega, aure ya kai ni Giwa Tazo. Na shekara ashirin ina ungozoma ban san baƙi ko ɗaya na boko ba. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari na riƙe fensir, kuma da takardar shaidar gama ajin aka ɗauke ni aikin taimako a ɗakin shan magani a Maiyama, ba a daɗe da yanke mana jiha ba.

Autanmu Ummaru ya ƙi fawa, ya bi lodin albasa a Aliero. Ya faɗo daga saman mota, ƙashin ƙaurinsa na dama ya karye har ya hudo fata. Aka kai shi wurin mai ɗori. Ni ba a gaya mini ba sai da aka kwana goma sha biyu, don sun san bakina.

Kabu-kabu ya fito da ni Maiyama, a-kori-kura ta kai ni Jega, na iske babban wanmu Mamman a rumfarsa yana sara ƙashi.

"Yaya, kwana goma sha biyu? Ni tsintacciya ce a gidanga?"

"To ga ki kin zaka," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Mi za ki yi wanda mai ɗori bai yi ba?"

"Rufe rumfar mu tahi."

Kowa ya san Aliero tun daga nesa hanci ke shaida ta. Amma da na shiga ɗakin da aka kwantar da Ummaru, warin da na ji ya danne na albasa. Na ɗaga zanen na mayar. Mai ɗorin, dattijo ne, ba zan ɗora masa laifi ba, don shi ya fara magana tun ban buɗe baki ba.

"Ni ƙashi nika haɗawa," ya ce. "Wanga ya wuce ƙashi, nama ya ɓaci. Tun shekaranjiya nic ce a ɗauke shi. In na riƙe shi na ci amanarku."

Ummaru ya kamo gefen zanena. Mutum mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa, ya koma kamar kara.

"Yaya Tumba, kar ki bari su yanke. 'Ya'yana uku. In sun yanke mi zan yi, bara?"

"Ban ɗaukar alkawarin abin da ba hannuna yake ba," na ce. "Amma ba ni barin ka."

Ƙyauren ɗaki muka ciro muka ɗora shi. Muka yi shatar wata tsohuwar mota mai dogon baya, aka kwantar da kujeru. Direban mutumin Jandutsi ne mai yawan surutu, amma kowane rami ya faɗa Ummaru ya yi ƙara, sai surutun ya ragu, har ya ƙare.

Ba mu yi nisa ba muka iso iyaka. Ku da ba ku fita ba tun da aka raba jiha, iyakar allo ne sabo fil da gangunan ƙarfe biyu da katako mai ƙusoshi. Hanyar da na bi tun ina goye, yau ana tambayata daga ina. Wani mai kaki ya leƙo ya ce me muka rufe da zane, ko kaya muke tsallakewa da su.

"Buɗe ka gani," na ce.

Mamman ya taka mini ƙafa. Mutumin ya ɗaga zanen da bakin sandarsa, ya ja da baya yana toshe hanci, ya ce a ja katako. Ko sannu bai ce ba. Daga nan sau biyu muka tsaya, sau ɗaya taya, sau ɗaya ruwan inji. A tsayawar farko na sauke Ummaru a inuwa ina kore masa ƙuda, jikinsa kamar garwashi. Ya fara kiran sunan innarmu da ta rasu. Ban gaya wa Mamman ba.

Da la'asar sakaliya muka shiga birnin. Aka ba Ummaru gado, aka sa masa ruwa, mu kuma aka nuna mana masaukin masu jinya, wato baranda da gindin dalbejiya. Mata gefe, maza gefe, kowa da tabarmarsa da buta. Mutanen can suna da kirki amma da na buɗe baki sai su kama dariya, wai in sake cewa "mi". Na ce wa wata, "Ke kuwa in kin yi magana kamar kina tauna ƙanzo, na yi miki dariya?" Daga ranar muka zama ƙawaye. Abincinsu kuwa, tuwon masara da miya tsararo, ba kifi ba ƙamshi. Abin da ya fi ba ni mamaki, a bakin ƙofa na ga ana sayar da albasa yanka-yanka, kwata guda a ƙulle. Irin wadda mu muke zuba wa awaki. Na tsaya na kalle ta kamar na ga 'yar garinmu a wulaƙance.

Likitocin tiyata biyu ne ke duba ɗakin su Ummaru, kuma masu jinya sun raɗa wa kowane suna. Akwai Baba Likita, akwai Barkono.

Barkono muka fara gani. Gajere, ba fara'a. Ya ɗaga zanen ya ce, "Wa ya kai shi wurin ɗori? Ku mutanen nan sai kun ruɓar da mutum ku kawo mana."

"Likita," na ce, "da ka gina asibitinka a Aliero, da can za mu fara."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya rubuta abin da zai rubuta, ya wuce.

Washegari Baba Likita ya zo. Dattijo fari tas mai farin gemu. Ya yi sallama, ya ce mini Hajiya alhali ban je ba, ya tambayi hanya, ya tambayi damina, ya dafa kan Ummaru ya yi masa addu'a. Mamman ya durƙusa har ƙasa ya roƙe shi ya karɓi aikin da hannunsa. Ya ce to, ranar Alhamis, in an kashe zafin jikin. Ya ce in ya buɗe zai ga abin da ya dace, ko a kankare ko a cire. Mamman ya dangwala yatsa a takarda. Ni ma hankalina ya kwanta, ba zan ɓoye ba.

Yadda aka yi na shiga ɗakin tiyata kuwa, faɗa ne ya kai ni. Akwai kati a ƙarshen gadon Ummaru inda ake sa alama in an yi allura. Na duba na ga an sa alamar ta azahar, ni kuwa tun hantsi ban motsa daga wurin ba, ba wanda ya taɓa shi. Na ɗaga murya. Ana cikin haka wata doguwar mace mai furfura ta iso, kowa ya yi tsit. Ita ce Matiron, shugabar ma'aikatan jinya. Ba Bahaushiya ba ce, amma Hausarta ta fi ta wasu. Ta sa aka yi allurar, sannan ta ce in biyo ta ofis.

"Wa ya koya miki karanta kati?"

Na gaya mata, na nuna mata katin aikina.

"Kina tsoron jini?"

"A cikinsa aka haife ni."

Ta jawo durowa ta zubo takardu. Ta ce shugabannin asibiti sun sa ta ta auna yadda likitocin tiyata ke mu'amala da mutanensu a ɗakin aiki, don hannu kowa ya san yadda ake gane shi, amma baki da kunne ba wanda ya taɓa aunawa. Ta raba wa ma'aikata takarda su faɗi ra'ayinsu, kowace ta dawo da amsa ɗaya: mai kyau ƙwarai.

"Kin taɓa ganin garin da kowa mai kyau ƙwarai ne?"

"Maƙabarta," na ce.

Ta yi 'yar dariya. Ta ce yanzu ta daina tambayar ra'ayi. Ta rubuta sabuwar takarda, abin da ido ya gani da wanda kunne ya ji kawai, kuma tana son baƙuwar da ba ta cin abinci a hannun kowa. Likitocin sun amince za a riƙa zaunar da wani a kusurwa. Ta juya mini ita da Hausa. Ko likita ya kira sunan mara lafiya ya tabbatar da inda za a yanka. Ko ya gaya wa mutanensa abin da zai yi kafin ya yi. Ko wani ya yi masa magana kai tsaye, in an yi ko ya amsa. Ko ya daka tsawa. Na ƙarshe, ko ya tambayi ƙidayar ƙyallayen tsane jini kafin ya ɗinke. Duk wanda ya faru in ja sanda ɗaya a gabansa, kamar yadda masu lodi ke zana gawayi a bango.

"Sharaɗi ɗaya," ta ce. "A ɗakin nan ba ki da baki. Ko rufi ya faɗo, ke dai ja sanda."

Na karɓa ne don son kaina. Ina so in ga inda za a kai ƙanena.

Ranar Litinin aka sa mini korayen kaya da hula da takunkumi, aka zaunar da ni a kusurwa. Ranar Barkono ce. Na fere fensir ina jin daɗi, na ce yau zan rama.

Bai ba ni kunya ba. Tun kafin ya sa wuƙa ya daka tsawa a kan fitila. Na ja sanda mai kauri. Amma sai ya sunkuya ga mara lafiyan ya ce, "Malam, ya sunanka? Wane gefe ke ciwo? Nuna mini da hannunka." Na ja sanda a layin farko, siririya. Ya juya ya kira kowa da sunansa, ya ce ga abin da za mu yi, in an ga jini ya yi yawa ga abin da za a yi. Ɗakin kamar kasuwar Jega. Wannan ta ce Likita kaza, ya ce na ji. Wancan ya ce Likita kaza, ya ce a'a, ba ka da ido? Ana tsakiyar aiki mai allurar barci ya ce, "Likita, dakata." Nan take ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Ya tsaya a haka har aka ce ya ci gaba. Da zai rufe ya ce, "Sista, ƙyalle nawa?" Ta faɗa. Ya ce, "Sake ƙirgawa da ƙarfi, kunnena na nan."

Aiki uku ya yi. Tsawa tara na ja masa. Amma layin masu yi masa magana ya cika har na gangara gefen takarda, kuma kowace sanda tana da 'yar'uwarta a layin amsa. Na kai wa Matiron raina a ɓace.

"Mutumin nan ba shi da tarbiyya," na ce.

Ta duba takardar. "Wane layi ne na tarbiyya?"

Ranar Talata ta Baba Likita ce. A ƙofar ɗakin na ga mai miƙa masa kayan aiki, wata yarinya Sista Hadiza, ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana." Wadda ke ɗaura mini takunkumi ta raɗa mini cewa aminin mahaifinta ne, shi ya sa ta makaranta, a hannunsa ta girma. Na ce madalla.

Wata mata za a cire wa ƙari a ciki, sa'ata ce. Ya yi bismilla ya fara. Wallahi ɗakin kamar masallaci. Ba tsawa, ba hayaniya. Ya miƙa hannu a sa masa abu, ya miƙa a karɓa. Hannunsa kuwa, ni ɗiyar mahauta ce, na san gwani in na gan shi. Na zauna ina jin sanyi a raina, ina cewa nan za a kawo Ummaru. Sai can na duba cinyata na ga takardar fara fat. An fi awa guda fensirina bai motsa ba. Ba wanda ya tsawata wa, ba kuma wanda ya ce masa uffan.

Ya cire abin da zai cire, ya miƙa hannu aka ba shi allura da zare. Bai tambayi ƙidaya ba. Na ga Sista Hadiza tana taɓa ƙyallayen da aka jera ɗaya bayan ɗaya. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Ta leƙa bokiti. Ta leƙa ƙasan tebur. Sannan ta juya ga abokiyar aikinta, ba ga likita ba, ta ce a hankali, "Sista, ƙyallayen nan kamar ba su cika ba."

Waccan ta juya ga mai allurar barci ta ce, "Malam, wai kamar da saura ɗaya."

Shi kuma ya yi gyaran murya, ya dubi bango ya ce, "Allah dai ya sa a duba."

Ku matan garinmu kun san wannan magana. Ni na shekara goma sha biyar ina gaya wa surukina abu ta bakin katanga. In tuwo ya ƙare ba ka ce masa ya ƙare, sai ka gaya wa kaza a inda zai ji. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma a gida yana aiki, don tsoho na zaune ba abin da yake yi sai saurare. Amma wannan tsohon kansa na cikin cikin mutum. Bai ji ba. Maganar ta zaga ɗakin kamar ƙwaryar fura, kowa ya kurɓa ya miƙa, ba ta isa gare shi ba.

Na duba takardata. Ba layin maganar da aka yi wa bango. Na juya bayanta na ja sanda uku. Ya yi ɗinki na farko. Ya yi na biyu. Na ga hawaye na sauka cikin takunkumin Hadiza, bakinta na motsi ba sauti. Na tuna sharaɗin Matiron. Na tuna jibi wannan hannun ne zai riƙe ƙafar Ummaru. Ya ja zare na uku.

"Likita!" na ce. Muryata ta daki bango ta dawo. "Ta ce ƙyalle ɗaya bai fito ba. Yana ciki."

Ya ɗago ya dubi Hadiza. Ta sunkuyar da kai, ta gyaɗa. Ya warware ɗinkin, ya sa hannu, ya lalaba, ya daɗe. Sai ga shi ya zaro shi, jajir, dunƙule kamar hanta. Ya ajiye a faranti. Sannan ya ce, a hankali, yadda yake gaisuwa, "Wace ce wannan? A fita da ita."

Matiron ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma gode mini ba. Ta ce, "Takardar yau ta lalace. Mai awo ta sa hannu a sikeli." Ta juya bayan takardar ta ga sanduna ukun, ta tambaye ni na mene ne. Na gaya mata. Ta daɗe tana kallonsu, ta sa takardar a aljihunta, ba a durowa ba.

Kafin in isa gindin dalbejiya labari ya riga ni. Mamman na tsaye yana huci.

"Kin kashe mu! Mutumin da zai riƙe wuƙa bisa ƙanenki jibi, shi kika tozarta gaban yaransa?"

"Yaya, ba tsoron ramuwa nika yi ba. Mutumin kirki ne. Ɗakinsa nika tsoro. In abu ya ɓaci ba mai iya gaya mishi."

"Ke tahi can! Ni mahauci ne, shekara talatin. Aikin wuƙa hannu ne, ba baki ba."

"Naka aikin ba a jiran shi tashi, Yaya."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, ya tuna jikoki gare ni, ya sauke. Muka ɗauki faɗan muka kai gaban gadon Ummaru, abin kunya. Ya saurare mu idonsa a rufe, sannan ya ce, "Yaya Tumba, ke kin shiga, mu ba mu shiga ba. Wane?"

Ban taɓa jin nauyin tambaya irin wannan ba. Zuciyata har lokacin tana wurin dattijon da ya dafa kansa ya yi masa addu'a. Barkono kuwa ko ganinsa ba na so. Kuma ni wace ce? Kwana biyu na yi a kusurwa da fensir. Hannun Baba na gani da idona, ya fi. Amma sandunan ba ni na ƙirƙire su ba, abin da ya faru na ja.

"Mai tsawa," na ce.

"To," in ji Mamman. "In an yanke, ke za ki gaya wa matarsa. Ni ba ruwana."

Shi ya ƙi zuwa, ni na je wurin Baba Likita janye roƙon da muka yi. Na durƙusa, na faɗa ba kwana-kwana. Ya ce, "Ba komai, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kai ƙofa ya kira ni.

"Yarinyar nan, ni na rene ta. Me ya hana ta gaya mini?"

"Shi ke nan abin da ya hana ta, Likita."

Na bar shi yana kallon hannuwansa.

Barkono na iske yana wanke hannu. Ya ce, "Ke ce mai fensir. An ce tara kika ba ni."

"Tara ka yi."

"Ɗaya tari ne."

"Ungozoma ce ni, Likita. Na san tari na san tsawa."

Ya goge hannu. "Me kike so?"

Na faɗa. Ya ce sai ya yi magana da Baba tukuna, don ba a ƙwace wa babba aiki. Da ya dawo ya ce Juma'a da safe. "Amma ki ji da kyau. Ban yi miki alkawarin ƙafa ba. In na ga za ta kashe shi zan cire ta, kuma ba zan fito neman izininki ba."

Ranar Juma'a aka tura shi da hantsi. Wannan karon a waje nake, kan benci, ba fensir ba takarda. Mamman a can ƙarshen bencin, kwana biyu ba ya yi mini magana. Awa ɗaya. Awa biyu. Ta cikin ƙofa biyu na jiyo tsawa, ban san ko in ji daɗi ko in tsorata ba. Sai ƙofa ta buɗe, wani ma'aikaci ya fito da bokiti a rufe da kore ƙyalle. Na ce a raina shi ke nan, ƙafar ce. Mamman ne ya miƙe, ya bi mutumin da ido, yana kallon kafaɗarsa da yadda hannunsa ke lilo, har ya sha kwana.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Ƙafar namiji ta hi haka nauyi."

Ya dawo ya zauna, wannan karon kusa da ni.

Ana kiran sallar Juma'a Barkono ya fito, rigarsa jiƙe da gumi. Bai yi sallama ba.

"Na so in cire," ya ce. "Har na ce a miƙo zarto. Ƙaramin likitan da ke taya ni ya ce in ƙara kankarewa ƙasa kaɗan, wai ya ga kamar ƙashin na tsattsafo da jini. Na ce masa ƙarya yake. Na kankare. Yana tsattsafowa." Ya share fuska. "Ƙashi mai jini rayayye ne. Na bar ta. Za ta gajarce, kuma ba zai sake hawa saman lodi ba. In ta sake ruɓa, mu koma. Ku daina ba shi abin da ban ce ba."

Ya wuce tun Mamman bai gama durƙusawa ba.

Sauran kun gani da idonku. Mako bakwai muka yi, sau biyu ana komawa da shi a wanke. Ya dawo da ɗingishi, yanzu yana zaune a rumfar Yaya yana yanka tsire, sana'ar da ya gudu ta kamo shi. Matar da aka cire wa ƙari ta tashi ta tafi gida ba ta san komai ba. Sista Hadiza ta nemi a canza mata wurin aiki, kuma har muka taho in ta hango ni sai ta sake hanya. Ban ga laifinta ba. Takardar Matiron ban san inda ta ƙare ba, ta dai gaya mini ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, na maganar da aka yi wa bango.

Saura abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba. Da Ummaru ya farfaɗo ranar nan, ya ƙi buɗe ido. Na ce masa ƙafar tana nan. Ya ce ƙarya nake, lallashi ne. Na ce to ba ka jin ta? Ya ce yana ji, amma na gadon kusa ya gaya masa ko an yanke ana jin ta, har ƙaiƙayi take yi. Na ce ɗago ka duba. Ya ce ba zai iya ba.

Sai na zaga ƙarshen gadon. Babban yatsansa na leƙowa daga cikin bandeji, busasshe, da faso irin na masu lodi. Na kama shi da farce na murɗe iya ƙarfina.

Ya kurma ihu har ma'aikata suka sheƙo a guje. "Wayyo! Yaya Tumba, Allah ya isa! Sake ni!"

Ban sake ba. Na riƙe yatsan nan ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa, yana zagina, ni kuwa ina cewa ƙara.

Iyakar abin da na gano ke nan. Wadda ta sake tambayata, aji zan kai ta.